Diallo Telli da ƙa'idar da ta hana kowa tambayar inda yake

Titunan Asokoro, in ka lura, sunayen manyan Afirka aka bi aka raɗa musu: Kwame Nkrumah, Julius Nyerere, Haile Selassie, har zuwa Yakubu Gowon, inda hedikwatar ECOWAS ta shafe shekaru. Waɗannan su ne masu zama a sahun gaba idan za a ɗauki hoto. Amma mutumin da ya shekara takwas yana shirya musu taro, yana tsara musu ƙuduri, yana bin su fada-fada da lallashi idan sun ɓata da juna, da wuya ka sami mai kawo sunansa a Abuja, ko da cikin masu bin labaran duniya safe da yamma.

Bubakar Diallo Telli, Bafulatanin ƙasar Gini, shi ne zaɓaɓɓen babban sakatare na farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, daga 1964 zuwa 1972. Ranar 1 ga Maris 1977 ya rasu a wani ɗakin kurkuku a sansanin Boiro da ke Konakiri, bayan an hana shi abinci da ruwa har rai ya yi halinsa. Gwamnatin ƙasarsa ce ta kashe shi, ƙungiyar da ya yi renonta kuma ba ta ce uffan ba. Wannan shiru ba mantuwa ba ce. A rubuce yake cikin kundin ƙungiyar, a ƙa'idar da ta hana shiga harkar cikin gidan wata ƙasa, kuma Telli na cikin waɗanda suka fi kowa kare shi.

An haife shi a 1925 a Poredaka, cikin tsaunukan Futa Jallo. Ya shiga makarantar William Ponty ta Senegal, wadda ta yaye irin su Hamani Diori na Nijar da Modibo Keita na Mali, daga nan ya wuce Paris ya karanci shari'a. Ya yi aikin kotu a Thies da Kotonu, kafin a 1955 ya zama shugaban ma'aikatan ofishin babban gwamnan Faransa a Dakar, matsayin da ba a saba ganin baƙar fata a kansa ba. Wato ɗan gatan Faransa ne, da ya ga dama da ya ci gaba da cin moriyarta har ya tsufa.

Sai ga shekarar 1958. Janar de Gaulle ya ba ƙasashen da Faransa ke mulka zaɓi: ko su ce "i" su zauna ƙarƙashin inuwarta, ko su ce "a'a" su kama gabansu ba ko sisi. Ranar 28 ga Satumba kowa ya ce "i" ban da Gini ta Seku Ture. A Nijar ma Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun yi yaƙin a ce "a'a", amma suka sha ƙasa. Gini ta ayyana 'yancinta ranar 2 ga Oktoba, Faransawa kuwa suka kwashe ma'aikatansu da takardu da kayan aiki, suka bar ofisoshi wayam, don sauran su gani su ɗauki darasi. Nkrumah ne ya agaza da rancen fam miliyan 10. A wannan hali Telli ya ajiye aikin Faransa ya koma gida.

Aikin farko da aka ɗora masa shi ne ya samo wa Gini kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ba ƙaramin aiki ba ne, don Faransa tana da ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, Amurka da Burtaniya kuma ba sa son ɓata mata rai. Telli ya san Faransawa ciki da bai, ya san dokokinsu, ya san inda suke jin kunya. Da aka zo ƙuri'a Faransa ta ƙaurace, ba ta hana ba. Ranar 12 ga Disamba 1958 Gini ta zama mamba ta 82, wata biyu da 'yan kwanaki bayan samun 'yanci.

A can New York ne sunansa ya fito. Da Majalisar ta kafa kwamitin musamman kan wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, shi ne ya fara shugabantarsa a 1963. A watan Oktoba na shekarar, lokacin da aka gurfanar da Mandela da abokansa a shari'ar Rivonia ana hangen igiyar rataya, wakilan Afirka, Telli a gaba, suka sa Babban Zauren ya yi ƙuri'a cikin gaggawa yana neman a dakatar da shari'ar. Ƙasashe 106 suka goyi baya, Afirka ta Kudu ita kaɗai ta ƙi. Kujerar da ya fara zama a kai ita ce daga baya ta zama kamar gadon Najeriya: Ɗanmasanin Kano Maitama Sule ya zauna a kanta, Janar Joseph Garba ɗan Langtang ya zauna, Farfesa Ibrahim Gambari shi ya rufe ta a 1994.

To, mece ce ƙa'idar, kuma me ya kawo ta?

Kafin shugabanni su haɗu a Addis Ababa a watan Mayu 1963, Afirka ta rabu gida biyu. Rukunin Kasablanka, su Gana da Gini da Mali da Masar da Maroko, suna son a gaggauta dunƙulewa; Nkrumah ma gwamnati ɗaya da rundunar soja ɗaya yake nema. Rukunin Monrobiya, su Najeriya da Laberiya da Senegal da Kwaddibuwa, suna cewa a bi a hankali, kowa ya riƙe ƙasarsa. Ra'ayin su Tafawa Ɓalewa ne ya yi rinjaye, kuma akwai dalili. Wata huɗu kafin taron, sojoji sun harbe shugaban Togo Sylvanus Olympio a Lome, kowane shugaba ya zo Habasha yana waiwayen bayansa. Shi ya sa sashe na uku na kundin da ƙasashe 32 suka kafu a kansa ya jera: duk ƙasashe daidai suke, ba shiga harkar cikin gidan wata, a mutunta iyakar kowa, an la'anci kisan siyasa da yi wa maƙwabci zagon ƙasa. A Alƙahira a watan Yuli 1964, a taron da aka zaɓi Telli, aka ƙara da cewa iyakokin da aka gada daga Turawa suna nan daram. Maroko da Somaliya ne suka ƙi yarda, don kowacce tana da yankin da take hange a ƙasar maƙwabta.

Ko kujerar Telli sai da aka rage mata tsawo. Sakataren "gudanarwa" aka kira shi a kundin, da gangan, don shugabannin sun ga yadda babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Dag Hammarskjold ya yi ƙarfi a rikicin Kwango, ba sa son wani ma'aikaci ya taso yana yi musu magana da murya sama. Magatakarda suke so. Telli kuwa bai iya zaman magatakarda ba. Mutum ne mai kaifin harshe, mai kiran 'yan jarida ya faɗi ra'ayinsa, kuma wannan ya sa shugabanni masu ɗasawa da Faransa, musamman Houphouet-Boigny na Kwaddibuwa, ba su taɓa sakin jiki da shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka tsoron katsalandan ɗin nan raki ne kawai. A watan Afrilu 1965 an jefa gurneti a filin idi a Yamai ranar Babbar Sallah da nufin hallaka Diori. Nijar ta ce 'yan Sawaba ne da suka sami mafaka da horo a Gana. Da aka kira taron ƙoli a Akra a watan Oktoba, Nijar da Kwaddibuwa da wasu ƙawayensu suka ƙi zuwa. Ƙungiya ce 'yar shekara biyu, tana iya wargajewa a nan. Bayan wata guda kuma Ian Smith ya ayyana 'yancin tsirarun fararen fata a Rodeshiya. Ministocin OAU suka yanke cewa kowa ya katse hulɗa da Burtaniya ranar 15 ga Disamba, amma ƙasashe tara kacal suka cika alkawari, Najeriya ba ta ciki. Da irin wannan ƙungiya Telli yake aiki: ga ƙuduri mai zafi, ga mambobin da ba sa biyan kuɗin ƙungiya a kan kari, ga shi ba soja ba ɗan sanda.

Inda ƙa'idar ta yi rana, mu 'yan Najeriya muka fi kowa shaida. Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, yaƙi ya ɓarke a watan Yuli. Gowon ya tsaya kai da fata cewa wannan maganar cikin gida ce. Da shugabanni suka haɗu a Kinshasa a watan Satumba, sai suka nemo dabara: suka yi tir da ɓallewa a kowace ƙasa, sannan suka naɗa kwamitin shugabanni shida, Habasha da Nijar da Kamaru da Gana da Laberiya da Kwango, ƙarƙashin Sarki Haile Selassie. Ba a ce su je su yi sulhu tsakanin ƙasa biyu ba, an ce su je su tabbatar wa gwamnatin tarayya goyon bayan Afirka ga haɗin kanta. Wannan ɗan bambancin kalma shi ya hana Biyafara samun matsayin ƙasa a teburin Afirka. An zauna a Yamai a watan Yuli 1968, an zauna a Addis Ababa a watan Agusta, an sake zama a Monrobiya a 1969, ba a daidaita ba. A tsakanin nan Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya suka amince da Biyafara, Faransa na tura makamai ta bayan gida, hotunan yara masu ciwon yunwa sun cika jaridun Turai. Da ambaliyar amincewar ta ci gaba, da labarin ya sha bamban. A Afirka ta tsaya a ƙasashe huɗu. A taron Aljiyas na Satumba 1968 mafi rinjaye suka sake jaddada Najeriya ɗaya, a nan kuma aka sabunta wa Telli wa'adi. Saboda OAU ta riƙe maganar a hannunta, ba ta taɓa zama ajandar da manyan ƙasashe za su yi ciniki da ita a Majalisar Ɗinkin Duniya ba.

Saboda haka duk ɗan Najeriyar da zai zagi ƙa'idar nan, ya fara tuna cewa ya ci albarkacinta. Sai dai Nyerere ya yi wata tambaya a lokacin da ba a ba shi amsa ba: idan gwamnati ta kasa kare wani ɓangare na mutanenta, wa zai yi magana a madadinsu? OAU ta zama kamar majalisar masu gida da suka yi alkawari cewa duk wanda ya ji kuka ta katangar maƙwabcinsa zai ƙara ƙarar rediyo.

Telli ya ji irin wannan kuka har sau biyu, kuma a nan ne tarihinsa yake da tabo. Ranar 22 ga Nuwamba 1970 sojojin Fotugal da 'yan adawar Gini suka kai hari Konakiri ta teku. Harin gaskiya ne, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar, ministocin OAU kuma suka yi taron gaggawa a Legas suka mara wa Gini baya. Amma Seku Ture ya mai da harin hujjar share duk wanda yake shakka. Ranar 25 ga Janairu 1971 aka rataye mutum huɗu a gadar Tombo a bainar jama'a, cikinsu har da tsofaffin ministoci irin su Barry Ibrahima da ake kira Barry na Uku. Achkar Marof, wanda ya gaji Telli a New York har da kujerar kwamitin wariyar launin fata, tun 1968 aka kira shi gida aka kama shi, a 1971 aka kashe shi. Ofishin Telli bai ɗaga murya ba. Na biyu kuma Burundi ce a 1972, inda sojojin gwamnatin Micombero suka bi 'yan Hutu masu ilimi, malamai da ɗalibai da ma'aikata, suna kashewa. Ƙiyasi da dama sun ce mamatan sun haura 100,000. A watan Mayu, ana tsakiyar kisan, Telli ya sauka Bujumbura ya bayyana goyon bayan ƙungiya ga shugaban ƙasar. Mutumin da ya tayar da duniya tsaye saboda fursunonin Rivonia ke nan. A lissafin wancan zamani, zaluncin Bature a kan baƙar fata maganar duniya ce, zaluncin baƙar fata a kan ɗan'uwansa maganar cikin gida.

A taron Rabat na Yuni 1972 shugabanni suka ba Nzo Ekangaki na Kamaru kujerar. Abokan Telli sun gargaɗe shi kada ya koma Konakiri, kuma da iliminsa da sunansa ba zai rasa aiki a waje ba. Ya koma. A ganina, wanda ya shekara goma sha huɗu yana gaya wa duniya cewa masu sukar Gini 'yan koren mulkin mallaka ne, ƙin komawa gida tamkar ƙaryata kansa ne. Aka ba shi ministan shari'a a watan Agusta, a ƙasar da ba kotu ke yanke hukuncin siyasa ba, kwamitin juyin juya hali ne.

A watan Yuli 1976 aka kama shi, aka ce shi ne jagoran wata maƙarƙashiyar Fulani ta kifar da gwamnati. Wasu na danganta abin da yadda aka fara ambatar sunansa cikin waɗanda za su iya zama babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, don Seku Ture ba ya son wani ɗan Gini ya yi suna kusa da nasa. A watan Agusta shugaban ya yi jawabai yana zargin Fulani a matsayin ƙabila da cin amanar ƙasa. Aka azabtar da Telli har ya karanta takardar amsa laifi, aka sa muryarsa a rediyo. Tsarin Boiro ke nan: a rubuta maka laifinka, ka karanta, ka ambaci sunayen wasu, su ma a je a ɗauko su.

Yadda ake kisan kuwa ba harsashi ba igiya. A kai mutum ɗaki ƙarami mai ƙofar ƙarfe, a yi alama a jikin ƙofar don mai rabon abinci ya san ba a tsayawa a nan, a rufe. Ba loma, ba ɗigon ruwa, a zafin Konakiri. Waɗanda suka tsira daga ɗakunan kusa sun ba da labarin yadda ake jin mutum yana bugun ƙofa yana roƙon ruwa kwanakin farko, daga baya muryar ta dushe. A watan Fabrairu 1977 aka yi wa Telli haka tare da wasu, cikinsu har da tsofaffin ministoci biyu, Dakta Alpha Oumar Barry da Alioune Drame. Ba a sanar da mutuwarsa ba, ba a ba iyalinsa gawa ba. Keita Fodeba, ministan da ake danganta kafa kurkukun da shi, shi ma can aka kai shi a 1969 bai fito ba.

Duniya ta ci gaba da harkarta. A 1978 Seku Ture ya shirya da Senghor na Senegal da Houphouet-Boigny a Monrobiya, shugaban Faransa Giscard d'Estaing ya ziyarci Konakiri a ƙarshen shekarar. An ma tsara Gini za ta karɓi taron ƙolin OAU na 1984, wanda zai sa Seku Ture ya zama shugaban ƙungiyar, har an gina zauren taro da gidajen baƙi. Ajali ya riga shi a wani asibiti a Cleveland ta Amurka ranar 26 ga Maris 1984. Mako guda bayan haka Lansana Conte ya yi juyin mulki, aka buɗe ƙofofin Boiro.

Daga nan ƙa'idar ta fara sassautawa, a takarda dai. Faɗuwar Idi Amin da Bokassa da Macias Nguema a 1979 ta sa an ji kunya har aka rubuta yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, aka amince da ita a 1981. Najeriya ta jagoranci rundunar ECOWAS, ECOMOG, zuwa Laberiya a 1990. Bayan kisan ƙare-dangi na Ruwanda a 1994, kundin Tarayyar Afirka, magajiyar OAU, da aka sa wa hannu a Lome a 2000 ya ba ƙungiya ikon shiga ƙasa idan ana kisan ƙare-dangi ko laifukan yaƙi, ya kuma haramta karɓar mulki da bindiga.

Amma mu da muke Abuja a watan Agusta 2023 mun ga yadda tsohuwar gardamar ta dawo ɗanya. Sojoji sun tsare shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yuli, shugabannin ECOWAS suka zauna a nan garin ranar 30 ga wata suka ba da wa'adin mako guda, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wuta. A wajen masu kilishi na Area 1, inda da yawa ke da dangi a Maraɗi da Damagaram, maganar ke nan a kowace rumfa. Na ji wani dattijo, yana naɗe wa wani ma'aikaci kilishi a takarda, yana cewa:

"Yallaɓai, ina ruwan wani da gidan wani? Su da shugabansu ne. A bar su su sasanta."

Ma'aikacin ya ce, "Baba, in aka bar kowane soja ya yi abin da ya ga dama, gobe kanmu za ta zo. Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai shafa wa naka ruwa kake yi."

Dattijon ya miƙa masa ƙunshin ya ce, "To da ake kama mutane ana ɗaurewa kafin sojan ya zo, wa ya kira taro a Abuja?"

Tambayar dattijon ta fi amsar ma'aikacin nauyi, ko da yake ba na tare da shi a kan cewa a bar kowa da gidansa. Abin da ya canja tun zamanin Telli shi ne yanzu ƙungiyoyin suna motsi idan an taɓa kujerar shugaba. Idan shugaban ne ya taɓa talakansa, ko ministansa, ko kundin tsarin mulkinsa, har yanzu sanyin jiki ake yi. Gini ɗin dai ita ce misali: Alpha Conde ya sauya tsarin mulki a 2020 ya nemi wa'adi na uku, aka kashe masu zanga-zanga a Konakiri, ECOWAS ba ta dakatar da shi ba. Da Kanar Doumbouya ya kifar da shi ranar 5 ga Satumba 2021, cikin kwanaki aka dakatar da ƙasar. Tun a 2015 ma an kawo shawarar a taƙaita wa'adin shugabannin yankin zuwa biyu a taron Akra, Togo da Gambiya suka ƙi, aka janye ta. Wannan rashin daidaito na cikin abin da sojojin Mali da Burkina Faso da Nijar suka riƙa nunawa da yatsa har suka fice daga ƙungiyar a watan Janairu 2025, su ma kuma da suka samu wuri suna tsare 'yan jarida da 'yan adawa da sunan ikon ƙasa, hujjar da Seku Ture ya yi amfani da ita.

Ƙofa ɗaya da babu ita a 1976 amma akwai ta yau, a nan Abuja take: kotun ECOWAS, wadda tun 2005 mutum ɗaya zai iya kai ƙarar gwamnatinsa gabanta ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba. Da tana nan a lokacin, da iyalin Telli sun sami inda za su shigar da takarda, a tilasta wa lauyan gwamnati ya zo ya faɗi inda mutumin yake. Ta yi aiki a shari'ar Hadijatou Mani a 2008, inda ta kama Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, Nijar kuma ta biya diyya. A shekarar dai ta umarci Gambiya ta saki ɗan jarida Ebrima Manneh, gwamnatin Jammeh ta ce ba ya hannunta, ba a sake ganinsa ba. A watan Disamba 2023 ta ce a saki Bazoum, sojojin Yamai suka yi kunnen uwar shegu. Mai masaukin kotun ma ba ta tsira ba: a watan Oktoba 2016 alƙalan suka ce tsare Sambo Dasuki ya saɓa doka, a sake shi, gwamnatin Najeriya ba ta buɗe masa ƙofa ba sai a watan Disamba 2019.